Gidan da Ɗanliti Ya Saya Ya Kasa Taɓawa

Ɗanliti taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne halak malak, kuma duk abin da na faɗa a kansa ba shi da alƙalin da zai kai ni wurinsa.

An haife shi ran Litinin a Tudun Makera, ƙauyenmu da ke gabas da Tsanyawa, inda gonaki suka matse juna har in ka yi atishawa a taka sai maƙwabta uku su yi maka addu'a. Sana'arsa kai taki gona da jakai. Mutum ne mai tsoron a cuce shi, mazagin wandonsa ma ƙulli uku yake yi masa. Abin da asali. Mahaifinsa, mijin gwaggona, ya noma wata gona shekara talatin, ran da mai ita ya rasu 'ya'yansa suka ce aro ce, ina takarda? Babu. Aka karɓe. Tun daga ranar Ɗanliti ya ɗauki takarda tamkar laya, alhali ko bihim bai iya karantawa ba.

Ɗaki ɗaya yake zaune a gidan yayansa, shi da matarsa Barira da yara biyar. In ɗaya zai juya sai ya yi shela tukuna. Wata rana Barira ta ce masa, "Malam, ko ka samo mana gida, ko ka samo mana yara masu naɗewa irin tabarma. Ni dai na gaji da kwana a tsaye."

A shekarar da ciwo ya kwashe shanu, ruwa kuma ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Allah ya yi wa Malam Sabo na bakin gari rasuwa. Babban ɗansa Mati ya sa gidan a kasuwa, don magada hatsi suke nema, ba bango ba. Ginin ƙasa ne, ɗaki uku da zaure. Ɗanliti ya sayar da jakai biyu cikin ukunsa, aka yi ciniki.

To a garinmu sayen gida ba wani aiki ba ne. A kira shaidu, a raba goro, a shafa fatiha, kafin la'asar matarka ta kafa murhu. Haka kowa ya sayi nasa. Ban da bawana. Ana shirin shafa fatiha ya ɗaga hannu ya ce shi takarda yake so.

Mai unguwa Basiru ya dube shi ya ce, "Takarda? To madalla. Amma ka sani takarda ba ta san goro ba. Duk mai gado a gidan nan sai ya dangwala yatsa. Kafin na ƙarshe ya dangwala, gidan ba naka ba ne. Ko ƙyaure kada ka taɓa. In ka yi yaɓe wani ya zo ya ce bai sayar ba, ƙwace ka yi."

"Na yarda, ranka ya daɗe."

Mati ya ce, "Ni kuma na sayar. Ba na yi wa gidan wani yaɓe."

Kun ji inda aka haihu a ragaya. Ginin ƙasa kamar tsohuwa yake, duk shekara sai an shafa masa. Wannan kuwa ya zama maraya mai uba biyu, kowa ya naɗe hannu.

Ni na rubuta takardar, da ajina huɗu na firamare, da jan biro don ta yi kwarjini. Da aka zauna bincike sai ga shi kukar tsakar gida ba ta cikin ciniki, ta wata ƙanwar Malam Sabo ce, wadda ta ce ko an sayar da gidan sau goma ita da miyarta sai mutuwa. Azarar zaure kuma aro ce tun zamanin En'e. Wata biyu aka yi ana lallashi kafin a wuce nan. Sannan aka ƙirga magada, mutum tara. Huɗu suna gari, suka dangwala nan take. Biyar yunwa ta watsa su.

Ɗanliti ya naɗe takardar ya zura a gwangwani, ya rataya a wuya, ya hau jakin da ya rage. Ya sami ɗaya a birni yana tura kurar ruwa, ya sami ɗaya yana dako a tasha. Sai Zulaihatu, wadda ke aure wajen Kazaure. Ya je ya tarar ta sha lalle har wuyan hannu. Ita ta miƙo yatsa, shi ya janye takarda, wai yatsa mai lalle ba ya fita, gobe sai ta ce ba nata ba ne. Ya ba ta wata guda. Ya koma ya tarar an yi suna a gidan, ta sake ƙunsawa. Sau huɗu ya je. A na huɗun, na rantse da rawanin kakanmu, jakin da kansa ya yi sallama.

Saura biyu ke nan. Yana murna sai ga labari ɗaya cikinsu ya rasu a Gumel, ya bar mata da 'ya'ya shida da ciki. Ɗanliti ya ruga wurin liman.

"Allah gafarta Malam, yanzu yatsan wa zan nema?"

"Rabonsa ya koma kan iyalinsa. Su za ka nema."

"Duka?"

"Duka. Kuma ba a taɓa gado da ciki a tsaye, sai an ga abin da aka haifa."

Na ce masa, "Bawa, kai ne mutum na farko da magada ke haihuwa a hannunsa." Ya jira wata biyar. Aka haifi tagwaye. Liman ya ce yatsan waliyyinsu ya wadatar, Ɗanliti ya ce ai yara girma suke yi, su yi baki. Sai da ya dangwala na jariran nan, kowanne kamar ƙwayar wake, uwar tana zaginsa ta bayan labule.

Duk wannan tafiya shekara biyu ta ci, gidan kuwa yana nan tsaye ƙyam. Ba ƙarfinsa ba ne. Ruwa ne babu. Shekarun nan ne ake layin sabulu da gishiri, aka canja kuɗi, mutane suka koma cin tafasa da dusa. Hadari ya taso ya dube mu ya wuce kamar mai bin wani gari da gaisuwa. Fari ya cinye gonar kowa, amma shi yake riƙe wa Ɗanliti bango.

Ran da aka fita roƙon ruwa, gari duka an juya riguna, ina kusa da shi a sahu. Liman yana addu'a, jama'a na amin kamar ƙasa za ta tsage. Na kasa kunne. Bakin Ɗanliti na motsi, amma amin ɗinsa ko sauro ya fi ta ƙara.

Na zungure shi. "Kai, ɗaga murya, munafuki!"

"Ina ɗagawa."

"Ƙarya kake. Ashe kai ka riƙe mana ruwa!"

"Rufa min asiri, ubangidana. Wallahi ina so a yi. Yarana ma rabonsu da tuwon kirki tun sallah. Amma ka dubi bangon nan, duk ya dare."

Bayan an watse ya bi liman a hankali, wai ko akwai addu'ar da za a yi ruwa ko'ina a tsallake wuri ɗaya, ba babba ba, kamar taku ashirin. Liman ya ce ya je ya yi istigfari.

Yatsa ɗaya ya rage, na autan Malam Sabo, Muhammadu Sani, wanda ya tafi ci-rani kurmi yana yankan farce, yau wannan gari gobe wancan. Mai jaki ba ya kamo irinsa. Aka ba direban motar goro saƙo, bayan wata uku ya kawo amsa. Muhammadu Sani ya ce yana gaida kowa, ba shi da ja a kan ciniki, kuma kamar kowane ɗan ci-rani, ran da ya ji ruwa ya sauka zai taho noma ya dangwala.

Ɗanliti ya zauna a ƙasa. In babu ruwa, babu yatsa. In akwai ruwa, babu gida. Kwana uku yana lissafin nan, har ya ɗora wa jaki mangala a juye.

Damina ta uku ruwa ya zo, kuma ya zo da fushin shekara biyu. Da hantsi ya fara. Gari ya ɗauki guɗa, tsofaffi na kuka, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Ɗanliti ya nufi gidan mai unguwa a guje.

"Ranka ya daɗe, in na rufe bango da tabarma, taɓawa ce?"

"Taɓawa ce."

"In na riƙe ta a sama fa, ba ta taɓa ba?"

Mai unguwa ya ce, "Wannan sai an tambayi dagaci."

Bai jira dagaci ba. Na same shi tsaye a kan turmi, ya ɗaga tabarma sama da bangon ɗakin gabas, tsakaninsu kamar ɗani guda, ruwa na bin hammatarsa yana fita ta ƙafar wando. Indararo ya riga ya faɗi. Barira ta zo da kwandon jar ƙasa a ka.

"Malam, ga ƙasa, toshe ɓarakar nan!"

"Ba namu ba ne tukuna."

"To ni bari in toshe."

"Hannunki hannuna ne! Ajiye!"

"Wa zai gani? Kowa na gona!"

Ya nuna ni da haɓa. "Ga shi nan. Wannan kafin azahar ya kai labari Dawakin Tofa."

Gaskiyarsa kuwa.

Muhammadu Sani ya cika alkawari, yana jin labari ya taso. Sai dai ruwan da ya kira shi shi ya yanke hanya, motarsu ta kafe a bakin rafi. Kwana tara ya yi kafin ya iso, ƙafa duk taɓo. A kwana taran nan zaure ya zauna, ɗakin yamma ya bi shi, na tsakiya ya jingina da ɗan'uwansa suka tafi tare. Saura na gabas, wanda ya sha tabarma.

Aka taru a gindin kuka. Ɗanliti ya buɗe gwangwani ya zaro takarda. Muhammadu Sani ya shafa tawada ya dangwala. Yana ɗaga yatsa, ɗakin gabas ya durƙusa a hankali kamar raƙumi, ya kwanta.

Mai unguwa ya ce in karanta. Na gyara murya na karanta: gida mai ɗaki uku da zaure.

Mai unguwa ya dubi tsibin laka, ya dubi takarda. Ya ce, "To ai ba su dace ba. Wannan kango ne. Sai a sake rubuta wata, a sake bin masu yatsa."

Barira ta ɗora hannu a ka. Ɗanliti ya fizge takardar daga hannuna, ya cusa a gwangwani.

"Ranka ya daɗe, yanzu lakar nan tawa ce?"

"Taka ce, in dai..."

"To ba takarda za a gyara ba. Gidan za a gyara ya dace da ita."

Ya tuɓe riga ya faɗa cikin lakar nan da ƙafa biyu, yana cuɗawa yana dariya yana hawaye. Shekara kusan uku yana kallonta daga nesa, ranar har a gemu ya shafa. Barira ta kafa duwatsu uku a gindin kuka ta hura wuta da jiƙaƙƙen kara, ta ce ita ta tare, mai son fitar da ita ya zo da tasa takardar. A rumfar zana suka ƙarasa damina. Da kaka ya buga tubali da ƙasar tsohon gidan, ya tayar da ɗaki uku da zaure a kan sawun na da, ko taku bai kauce ba.

Yau 'ya'yansa goma sha ɗaya, har da masu gemu. Bara babban ya tara bulo zai ƙara ɗaki a bayan gida. Ɗanliti ya fito da sanda ya zauna a kan bulon. Aka kira ni in ba shi baki.

Na ce, "Haba bawa, filinka ne, gidanka ne. Wa zai hana ka ɗaki na huɗu?"

Ya ce, "Ba wanda zai hana. Ka je ka tattaro min jikokin Malam Sabo su dangwala, gobe a fara gini."

Na tambayi Mati yawansu. Ya ce a ƙirgar da aka yi da sallah sun kai tamanin da bakwai, kuma mata uku na da ciki.