Ranar da Muka Je Ganin Injin Baba a Rigasa

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Badarawa, ni da maigidana. Baba ne ya aiko mu zo mu ga injin tsaga katakon da ya haɗa da hannunsa a bayan Rigasa. Ya ce katakon farko nawa ne, zai yi mini kabad ɗin jere.

Bas ɗin da muka shiga zuwa kasuwa ƙofarsa da igiya aka ɗaure, kwandastan kuma sai ya cusa mutum biyar a kujerar huɗu yana cewa ai duk 'yan uwa ne. A kasuwa muka sayi ƙosai mai zafi na kai wa Baba, muka canja mota. Daga Bakin Ruwa hanya ta lalace, rami bayan rami, har wata tsohuwa ta ce wa direba ya sauke ta tun haƙoranta biyu na nan. Na yi dariya sosai. Da na san abin da ke gaba!

Mun sami Baba a rumfa, maƙwabta sun taru. Injin abin kallo ne: tayoyin Fijo biyu, ruwan zarto ya zagaye su kamar ɗamara, tsohon injin ban-ruwa na juya su. Akwai wani babban noti da ake murɗawa don zarton ya yi tauri.

"Uwata, zo ki ga ikon Allah," in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Aka ɗora gungumen maɗaci. Tsagar farko ta fito a karkace, wani ya yi tsaki. Baba ya kashe inji, ya ɗauki sifana ya murɗa notin, ya sake murɗawa, ya ƙara.

Maigidana bakanike ne. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Ya yi yawa. Ana murɗawa ne har zarton ya daina rawa, a ƙara kaɗan, a tsaya. Wannan haƙoransa ne suka dakushe. In ya ɗau zafi zai tsinke a wajen walda."

"To ka gaya masa mana."

"Haba! Surukina, a gaban mutanensa? Ke dai ki faɗa."

"Ni mace, in shiga tsakiyar maza in gyara wa Baba aikinsa?"

Muna cikin ka faɗa, ki faɗa, aka tada inji. Can na fara jin wani ƙas, ƙas, ƙas, duk zagaye ɗaya. Maigidana ya buɗe baki ya ce, "Baba..." da irin muryar da ake gaisuwa da ita. Ƙarar inji ta haɗiye ta. Sai tau! Zarton ya tsinke ya yi bulala. Baba ya dafe hannun damansa, ya zauna a kan garin katako. Ban taɓa ganin jini haka ba.

Da a-kori-kurar wani maƙwabci muka kai shi asibiti, ɗankwalina ɗaure a hannunsa. Ramukan nan da suka ba ni dariya, kowanne sai Baba ya ciji leɓe. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yatsu biyu sun tafi. Kafinta ne fa, da su yake ciyar da ƙannena.

Da Baba ya farfaɗo daga allurar barci, maigidana ya durƙusa ya faɗa masa duk abin da ya gani.

"Ƙaddara ce," in ji Baba. "Amma da ka ja ni gefe, ɗana."

Da la'asar muka koma Badarawa ɗauko masa bargo da abinci. Sai a ƙofar gida na lura ƙullin ƙosan na nan cikin jakata, ya yi sanyi.

An raine mu a kan kunya, kuma ban ce aibi ce ba. Amma tafiyar nan ta nuna mini ita ma kamar notin nan take, akwai inda ake tsayawa. Da ɗayanmu ya ɗaga murya, iyaka Baba ya yi fushin yini guda, ya ci ƙosansa da yatsunsa biyar.