Numfashin Mai Jan Baki

Kamaruddeen ɗan kawuna ne, abokin wasana, saboda haka babu mai hana ni faɗin abin da na ga dama a kansa. Tare muka taso a ƙauyenmu da ke gefen Kunci, tare muka sha bulala a makarantar allo. Shi bulalar ta yi masa rana, ni kuwa na ƙare a noman gyaɗa da kiwon tumaki. Allah ya ba shi murya. Tun yana saurayi Malam Tahir, limaminmu, ya ɗora shi a kan jan baki: duk azumi bayan la'asar shi ke karanto aya, Malam ya fassara wa jama'a. Har mata sukan bar girki su tsaya jikin danga suna saurare.

To muryar nan ita ta jawo masa. A garinmu in ana son mutum, kwano ake aika masa, kuma ba a mayar da kwano da abinci a ciki sai in faɗa ake nema. Wannan gida ya aiko tuwon dawa man shanu na yawo a kai, wancan ya aiko fura, Hajiyar ƙofar gabas ba ta fashin waina. Kamaru mutum ne mai kunya, ga shi kuma, tsakani da Allah, ba ya wasa da cikinsa. Ya sayi babur ya daina zuwa gona da ƙafa, daga baya ya bar wa 'yan ƙwadago gonar gaba ɗaya. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace. Mutane suna cewa hutu ne ya karɓe shi, ni kuwa ce masa nake buhun gero ne aka sa wa hula.

A azumin bara waccan abin ya daina ba ni dariya. Zai ɗauko aya, kafin ya kai wurin tsayawa numfashi ya yanke, sai ya koma baya ya sake. Lasifika kuwa ba ta rufa asiri, har bakin rijiya ana jin hakinsa. Malam yakan sunkuyar da kai ya jira. Bayan Sallah ya kira shi zaure, ina wajen.

Ya ce, "Kamaru, ayar Allah ba a yanke ta inda aka ga dama. Ka nemo numfashinka. In bai dawo ba, baɗi sai mu sa wani."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, shi ya sa ta fi zafi. Kamaru ya fito ya zauna a dakali, ƙaton mutum yana share hawaye da hannun riga. Ya ce mini, "Wallahi ban iya komai ba sai wannan." Na nemi abin tsokana na rasa, tausayinsa ya kama ni.

A asibiti aka gwada shi aka ce jininsa ya hau, sukari ma yana tafe. Aka ce ya rage ci, ya rage maiƙo, ya riƙa tafiya, in jiki ya saba ya ɗan taɓa gudu. Tafiyar ba wanda ya kula. Ranar da ya fara gudu kuwa, da hantsi ne, a burtalin da ya ratsa gonakin gero. Magidanci mai gemu ba ya gudu a garinmu sai da dalili. Sabo maƙwabcinmu ya hango shi, ya yar da fartanya ya rufa masa baya yana cewa, "Malam, lafiya? Me ya biyo ka?" Kamaru ba shi da numfashin amsawa. Ganin mutum biyu a guje, sai na gonakin gefe su ma suka zuba, wani da sanda, wani takalmi a hannu. Sai a gindin kuka Kamaru ya tsaya, ya dafa gwiwa ya ce motsa jiki yake yi. Sabo ya fi mako bai yi masa magana ba.

Bai fasa ba. Ya mayar da gudun bayan asuba, ya jingine babur, ya koma ya riƙe garmarsa da kansa. Ni nakan bi shi a keke ina ce masa ya yi a hankali kada ƙasa ta tsage.

Da ya fara faɗawa sai wata matsalar ta taso. A wajen matan garinmu mutum ba ya ramewa haka kawai: ko ciwo ne, ko matar gida ta yi sakaci. Kwanuka suka ninka. Wata tsohuwa ta aiko da saiwoyi a jiƙa masa. Matarsa Aina'u ta je suna ta tarar ana ƙus-ƙus a kanta, wai tana barin bawan Allah da yunwa. Daga can ta zarce gidan Malam Tahir, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ku kuka ce ya nemo numfashi. To ku raba shi da kwanukan nan. Shi kunya ba za ta bar shi ya ƙi ba, ni in na hana a ce ba na son a yi masa alheri."

Malam ya yi dariya, ya ce ta tafi. Bayan sallar Juma'a ya miƙe ya ce Kamaru lafiyarsa ƙalau, shi ne ya sa shi rage jiki. Kada kowa ya daina aiko kwano, amma mai ƙaunarsa ya zuba ganye, ya bar man shanu a ƙwarya. Kowa ya kai wa iyalinsa saƙo. Washegari kwaɗon zogale ya fara shigowa, da rama, da dafaffen wake. Kafin kaka babu bishiyar zogalen da ba a tsige ba a unguwarmu. Kamaru ya bi gida-gida da ƙafarsa yana godiya, yana cewa ba zai iya biyansu ba. Ni ma har yau ina gode wa matan nan, musamman Aina'u, domin da ta yi shiru da ban san inda ɗan'uwana zai kai ba.

Da azumi ya kama, Malam bai ce zauna ba, bai ce tashi ba. Kamaru ya je ya zauna a gurbinsa, rigarsa tana yi masa yawa. Ya yi bisimilla ya ɗauko wata doguwar aya. Ya ja ta, ya ja ta, murya a sake, bai saki ba sai da ya kai wurin tsayawa daidai.

Jama'a suna jiran fassara. Malam bai fassara ba. Ya ce, "Sake."

Kamaru ya duba Alƙur'anin da ke gabansa, ya dubi Malam, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a ina na yi kuskure?"

Malam ya goge idonsa da gefen rawani. Ya ce, "Ba ka yi ba, ɗana. Na daɗe ban ji ta haka ba. Sake ja mini."