Hoton Kawu a Bakin Ƙofa

Mun bar Sakkwato ana kiran assalatu, ni da abokin aikina mai haɗa mani bidiyo, cikin wata bas da ƙofarta sai an ɗaure da igiya. Ku da ke bibiyar shafina kun san kowace Juma'a nakan kawo muku zaɓin mako: bidiyon da ya burge ni, laccar da na saurara, wata na'ura da na gwada, da dabara ɗaya ta ɗaukar hoto. Juma'ar da ta wuce kun ji ni shiru, har wasu na tambaya ko an sace wayar ne. Wayar tana nan. Wallahi da sace ta aka yi da ya fi mani sauƙi.

Inna ce ta aike ni. Yayanta, Kawuna, yana zaune a wani ƙauye tsakanin Sabon Birni da Isa, wanda ba za ni faɗi sunansa ba, kuma rabon da ta sa shi a ido tun kafin hanya ta lalace. Ta ce kullum ina ɗaukar hoton mutanen da ban sani ba, har da mussar maƙwabta, amma na kasa ɗauko mata na ɗan'uwanta. Ta ƙulla garin kwaki da ƙuli-ƙuli ta ce in kai masa. Ni kuwa na tafi da sabuwar wayar nan da na cika muku kunne da ita, wadda na ce ko an ɗauke wuta sai ta fito da fuskar mutum. Ku riƙe wannan kurin nawa, za mu dawo kansa.

A Achida muka sayi ƙosai, ko in ce jikokin ƙosai, don ɗaya ba ya cika bakin ɗan yaye. Da na yi ƙorafi, mai suyar ta ce in je in yi wa wake faɗa, ba ita ba. Har Goronyo ana hira a motar, ana zagin kuɗin mota da ya ninka, ana kallon ruwan madatsa da ya ja baya ya bar taɓo duk ya tsattsage. Muna wuce Goronyo direba ya kashe rediyo, hira ta mutu. Mutumin da ke gefena ya cusa wayarsa cikin safa, wata mata ta tura 'yan kuɗinta cikin goyo. Na bi sahu, na naɗe tawa da ledar garin Inna.

A hanyar nan ba rami direba ke dubawa ba, motar da ke tahowa daga gaba yake jira. In ana gamuwa da motoci, hanya lafiya. In aka jima ba a ga ko ɗaya ba, to wani abu ya tsayar da su. Muka yi tafiya mai nisa ba mu gamu da ko keke ba, sai direba ya gangara gindin wata aduwa ya kashe mota. Fasinjoji suka ciro tasbaha. Na fara tunanin wa zai gaya wa Inna. Can sai ga wata akori-kura da lodin itace, direbanta ya ɗaga hannu ya kunna mana fitila, motar tamu ta ɗauki hamdala gaba ɗaya. Abokina da ya sha alwashin ɗaukar bidiyon hanya tun daga tasha bai ko taɓa jakarsa ba.

Sabon Birni cike take da mutanen ƙauyuka da suka gudo, wasu a barandar shaguna, wasu a kangaye. Tiyar gero ta kai kuɗin da mutum zai tambaya, ya yi salati, ya wuce. Sabis babu, sai wanda ya san wani tudu da ake kamo na Nijar. Muka hau babura biyu zuwa ƙauyen, mai ɗauke da ni ya ce kada in kuskura in fito da waya a hanya, don a wajen nan mai ɗaga waya sunansa infoma, mai kai wa wani ɓangare rahoto, kuma ba a tsayawa tambayar wane ɓangaren.

Gonaki duk an share su, an yi binne, wato an zuba iri a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa, ruwan kuwa ya ƙi. Bara ma damina ta ɗauke tun gero na cikin bununi, bai yi ƙwaya ba. Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne shirun garin. Ba kukan saniya, ba na jaki, akuya ma sai ɗaya-ɗaya. Abin da fari ya bari, mutanen daji, wato 'yan bindiga, sun kora.

Kawu ya tsufa fiye da yadda na zata, tsagen Gobir da ke kumatunsa ya nutse cikin tamoji. A zaure na tarar da shimfiɗarsa da butarsa. Na tsokane shi ko matarsa ce ta kore shi daga ɗaki. Ya yi dariya, ya leƙa waje, sannan ya kama hannuna. "Taho ka ga waɗanda sunka kore ni."

Ya ɗaga asabarin ɗakinsa. Da fari ban ga komai ba, sai wari da numfashi. Da idona ya saba sai ga bijimai biyu na huɗa, kowanne da takunkumi a baki don kada ya yi kuka. Tun rani Kawu ya baza cewa yunwa ta kashe su. Matarsa ke ɗebo musu ruwa daga ramin da ake tonawa cikin yashin gulbi, a jarka, kamar na wanki. Kashinsu a kwando ake fitar da shi, an rufe da toka. Abincinsu 'ya'yan gawo da tsohuwar jinkar rumbu da aka kwance. 'Ya'yansa maza duk sun tafi ci-rani, gwiwoyinsa ba sa ɗaukar noman hannu. Da bijiman nan yake huɗe gonarsa, ya huɗe wa wasu a biya shi da damin hatsi. In babu su, ko an yi ruwa, gidan nan ba shi da damina.

Da la'asar na tashi cika aiken Inna. Kun san dabarar da nake yawan faɗa muku: ka tsayar da mutum a bakin ƙofa, haske ya dake shi ta gefe, bayansa duhu, fuska za ta fito da kyau. Ƙofar da ta fi kowace samun hasken ita ce ta ɗakin nan. Na tsayar da Kawu, na ɗage asabari don kada ya ɓata hoton, na duba da idona, bayansa baƙi ƙirin. Na danna.

"Ba su hito ba dai ko?" in ji Kawu.

Na duba. Da ma na rage hasken fuskar wayar har ƙasa don cajin ya kai ni gobe, ga rana tana dukan gilashin. Na ga fuskarsa ras, na ga duhu a baya. Na ce, "Ko alama, Kawu. Wannan aikina ne." Haka na faɗa, har da buga ƙirji.

Washegari muka shiga Isa, ranar kasuwa. Akwai wani mai turi a can da ya san shafina. Inda babu sabis, mai turi shi ne intanet: ka kawo memorinka, ya zuba maka wa'azi da waƙa da fim daga kwamfutarsa. Ya yi murna da ganina, ya ce in ba shi zaɓin wannan mako tun kafin 'yan birni su gani. Kaina ya kumbura. Na tura masa bidiyon manoman Nijar masu haƙa tassa, ƙananan ramuka da ake zuba wa taki don su riƙe ɗan ruwan da aka samu, da wata lacca kan kiwon awaki da rani, da bayanin wata fitilar sola. Sai dabarar hoto, na haɗa da misali, hoton Kawu. Ya ce duk wanda ya zo turi yau zai sa masa su kyauta, gyara ke nan.

Muka tafi muka ci shinkafa da wake mai yashi-yashi, muka yi azahar, muka zaga kasuwar dabbobi inda dillalai suka fi dabbobin yawa. Da muka dawo rumfar mai turi sai na ga mutane sun yi cincirindo a gaban kwamfuta. Na ji daɗi, na ɗauka tassa suke kallo. Na kutsa.

Kawu ne a fuskar kwamfutar, cikin inuwar rumfa, haske a cike. Bayansa ba duhu ba ne. Wayar ta yi abin da na yabe ta da shi, ta buɗe duhun tas. Ga ƙaho, ga tozo, ga farin gefen ɗayan, har igiyar takunkumi ana gani. Wani daga baya, wanda ban ga fuskarsa ba, ya ce a hankali, "Ai na san tsohon ga. Ashe bajimanai ba su mutu ba."

Na ce wa mai turi ya goge, ya goge nan take. Na tambaye shi mutum nawa ya tura wa. Ya ce Allah kaɗai ya sani, tun hantsi yake aiki. Sannan ya matso kusa da kunnena ya ce mutanen daji ma a nan ake yi musu turi, aikowa suke yi da memorinsu, shi kuma bai isa ya tambayi na wane ne wannan ba. Na waiga neman mai maganar nan, babu shi, ko kuma yana nan cikin waɗanda ke kallona.

Ban san yadda muka koma ƙauyen ba. Duk ƙurar babur da na hango daga nesa sai in ce su ne. Abokina yana ta ba ni baki cewa wataƙila ba wanda zai lura, na daka masa tsawa, alhali ba shi ya yi komai ba.

Na sami Kawu a zaure, na durƙusa, na ƙure hasken wayar na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo. Na so ya zage ni, ko ya ɗauki sandarsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe haka sunka rame." Matarsa ce ta fito ta tsaya a kaina, hannuwanta duk sun yi kanta saboda jarka. Daga baya Kawu ya ce in mutanen suka zo suka same su, ba shanun kaɗai za su tafi da su ba, don za su ce ya yi musu ƙarya, kuma an san abin da suke yi wa wanda ya yi musu ƙarya. Na ce a mayar da su wani gida. Ya ce gidan wa zai kai wa wuta?

Ranar ba wanda ya runtsa a gidan. Ana idar da sallar asuba Kawu ya kwance takunkuman ya fito da bijiman. Suka tsaya a tsakar gida suna ƙifta ido, haƙarƙari a waje, ɗayan ya buɗe baki ya yi wani dogon kuka da ya ratsa garin. Maƙwabta suka firfito, cikinsu har da waɗanda aka kore wa nasu, waɗanda suka zo yi wa Kawu jaje da rani. Bai ɗaga kai ya dubi kowa ba. Ya bi ayarin masu zuwa kasuwar ƙetare ta wajen Burkusuma, inda zai sayar da su yadda aka taya, don mai ramammen sa a shekarar fari ba ya ciniki. Na ce za ni raka shi. Ya ce in kama hanyar gida tun da sauran safiya, kuma in gaida Inna. Garmar huɗarsa tana jingine a bangon ɗakin muka fito.

Dawowa ban ji tsoron hanya kamar zuwa ba, tsoron ya koma wani wuri. Sai da muka iso Goronyo na sami sabis, wani ɗan garin ya kira daga tudun nan ya ce Kawu ya isa lafiya, an sayar. Ko mutanen sun zo gidan daga baya, har yau ban sani ba, kuma kowace ƙarar waya sai in ɗauka labarin ne ya iso. Tsakanin Goronyo da Achida gabas ta haɗe, iska ta taso, ruwa ya fara dukan gilashin mota. Fasinjoji suka ɗauki kabbara, direba ya miƙa hannu waje yana shafawa a fuska. Wani dattijo ya ce daga gabas ya taso, Gobir ta sha. Kowa na murna, ni na kifa kai a kujerar gaba ina kuka.

To ga zaɓin wannan mako, guda ɗaya ne. Na shekara ina koya muku inda haske zai faɗo, ban taɓa ce muku ku tambayi abin da mutum ya ajiye a cikin duhunsa ba. Kafin ku tura hoton kowa, ku shiga inuwa, ku ƙure haske, ku duba bayansa kusurwa-kusurwa. In ya tambaye ku ko wani abu ya fito, kada ku amsa da ƙirji, ku miƙa masa ya gani da idonsa.

Na iso gida bayan magariba, jiƙe sharkaf. Inna ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta ce ina hoton. Na ba ta. Ta sa tabarau, ta kai wayar kusa da fuska, ta shafa kumatun ɗan'uwanta da yatsa, ta ce ya tsufa. Sai ta ƙara matsowa, fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi, shanunai na nan! Ga ruwa ya sauka. Bana kam Yaya zai ci tuwo."

Ta hana ni wayar, ta ce a bar mata ita ta kwana da ita. Har yanzu da nake rubuta wannan ban gaya mata ba.