Zagin da Kakana Ya Ji a Dajin Bama

Kakana, mahaifin babanmu, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Baba Soja muke ce masa, mu da duk mutanen layinmu a Yalwawa. Bayan an yi jiha babanmu ya sami aiki a Dutse, sai ya ɗauko shi daga ƙauye, don gwiwa ta hana shi noma. Cikin jikoki ni ce amaryarsa. Kullum sai ya sake ni sau uku kafin azahar, ni kuma in ce dama wa zai zauna da miji mai haƙori huɗu.

Yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, da lambobin yabo biyu a ciki. Ranar da nishaɗi ya zo, sai ya fito da su ya goge da toka da lemun tsami, mu kuma mu kewaye shi, don mun san labari ya taso. Labarin kuwa guda ne. Jafanawa, in ji shi, mutane ne marasa tarbiyya. Sai kuna zaune a daji su ɓullo a guje da wuƙa a bakin bindiga, suna ihu banza, banza. Ya ce har yau yana mamakin wanda ya koya musu Hausa, ya rasa abin koya musu sai zagi. Mu yi ta dariya, mu fita tsakar gida muna banza banza, har innarmu ta biyo mu da muciya.

Akwai wani ɓangaren da ba ya dariya in ya zo kansa, kuma sau biyu kawai na taɓa ji. A bakin wani rafi ya tarar da sojan Jafanawa guda a kwance, an harbe shi a cinya, bindigarsa ba harsashi. Yaro ne, ko gemu bai fara ba. Umarni shi ne a kawo irinsu da rai, kuma da niyyar ɗaukarsa ya matsa. Sai yaron ya ɗaga hannu biyu ya ce banza har sau uku. Zuciya ta ɗebi Baba Soja, ya soke shi. In ya kawo nan sai ya ce, shi ya fara zagina, ya rufe akwati.

Shekarar da shari'a ta zo ina aji biyu a kwaleji, kaina ya cika da boko, ba mai faɗa in yi shiru. Masu gidajen kallo suka shiga ɗari-ɗari, wasu suka rufe. Wajen ɗaya daga cikinsu yayana ya karɓo bidiyo da kwalin kasa-kasai ya kawo gida. Wata Asabar bayan la'asar aka kawo wuta, ya sa wani fim ɗin yaƙi. Baba Soja da yake cewa fim ƙaryar banza ce, sai ga shi a bakin ƙofa yana dogara sanda. Ihun sojojin cikin fim ɗin ya jiyo daga ɗakinsa. Sai cewa yake su ne, Jafanawa ne, mu dai saurara mu ji da kunnenmu.

Akwai fassarar Turanci a ƙasan hoton. Na karanta. Da na haɗiye abina, da shi ke nan, amma ina, bakin nan nawa!

Na ce, "Baba, ai ba banza suke cewa ba. Banzai ne, yarensu ne. Kamar a ce ran sarki ya daɗe."

Wallahi har da dariyata, har da tafa hannu. Gani nake na kayar da mijina a gaban jama'a.

Bai yi dariya ba. Ya sa yayana ya mayar da kaset baya, aka mayar. Ya sa aka sake. A na uku ya ce in maimaita masa abin da rubutun ya ce, a hankali. Na maimaita, amma yanzu muryata ta yi sanyi. Ya juya ya koma ɗaki, tuwon da aka kai masa haka aka ɗauko shi da safe.

Washegari ya kira ni. Ya buɗe akwatin, ya tono wani farin ƙyalle daga can ƙasa, wanda ban taɓa gani ba, an yi masa ƙulle-ƙullen jan zare jere-jere. A ƙugun yaron ya kwance shi. Ya ce yana jin layarsu ce, kuma ɗinkin hannun mace ne, ko uwa ko 'yar uwa.

Ya ce, "Ashe yaron nan bankwana yake da duniya."

Daga ranar labari ya mutu a gidanmu. Ya shiga bin malamai. Wani ya ce masa yaƙi yaƙi ne, wani ya ce ya yawaita istigfari. Shi kuwa abin da ya tsaya masa a rai shi ne haƙƙin mutum, wanda ba a yafewa sai mai shi ya yafe. Ya ce bai san sunan yaron ba, bai san garinsu ba, to ina zai je neman gafara, kuma me zai ce ranar da aka tsayar da su su biyu. Ya rame, riga ta yi masa yawa. Innarmu ta yi mini tas, ta ce bokon da zai hana tsoho cin tuwo ba ilimi ba ne. Na yi mata tsiwa, na ce ni gaskiya na faɗa. Na shiga ɗaki na yi kuka, don na tsani kaina.

Da damina ciwo ya kwantar da shi, aka kai shi asibitin Jahun. Na hau motar haya na bi su, duk hanya ina shirya ƙaryar da zan yi. Da babanmu ya fita alwala, na matsa kusa da gadon. Na ce masa na tambayi wani malaminmu da ya yi karatu a ƙasar waje, ya ce masu fim ne suka yi kuskure, kalmar zagi ce a yarensu, har ta fi banza muni. Na rantse masa, Allah ya yafe mini.

Ya kalle ni. Sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Amma ki daina wahalar da kanki. Ni na ga fuskarsa, ba fuskar mai zagi ba ce. Tun a bakin rafin na sani. Kalmar ce kawai na samu na riƙe."

Kwana shida bayan nan ya rasu.