Takalmin Dogo da Ƙafar Babana

Kakata Asabe, mahaifiyar babana, ba ta yarda a saurari tatsuniya hannu na zaune ba. A gidanmu na Kontagora, idan aka kawo gyaɗa daga gona, da an idar da sallar magariba sai ta hura wuta a murhun bayan ɗakinta ta ɗora kasko, mu jikoki mu kewaye tabarma muna ɓara. Duk wanda hannunsa ya tsaya, labari ma ya tsaya har sai ya ci gaba. Ni ce mai sunanta, don haka wurina yana jikin gwiwarta, inda ɗumin wutar ya fi kaiwa.

'Yar Tungan Magajiya ce, da girmanta ta koyi Hausa, kuma har ta koma ga Allah harshenta bai gama miƙewa ba. Takan ce wa mace "kai", ta ce wa namiji "ke". Mu yi ta dariya, ta nuna mu da ludayi ta ce, "Ku yi ta yi, ai dai kun gane." Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffin unguwa suke yi. Tambaya take: "Kunnuwa sun iso?" Mu amsa, "Sun iso, sun zauna."

Yawancin tatsuniyoyinta na dabbobi ne, amma akwai guda da babu kura babu zomo a cikinta, sai mutum da takalminsa. Ita muka fi roƙo.

Wai an yi wani saurayi manomi, ana ce masa Dogo, wanda bai taɓa sa takalmi sau-ciki ba. Shekarar da riɗinsa ya yi kyau aka sa masa ranar zuwa gaida iyayen yarinyar da yake so, a wani ƙauye hayin rafi. Ya ce shi ba zai shiga gidan surukai da fason ƙafarsa a waje ba. Yana tashi barci da safe ya karya karan dawa daidai tsawon ƙafarsa ta hagu, ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Auna, ya ce a sayo masa na fata, wanda ya fi kowanne ƙyalli.

Aka kawo takalmi baƙi wul, ƙasansa sumul kamar bayan ƙwarya. Ƙafar hagu ta shiga da kyar. Ta dama sai da aka shafa man kaɗanya aka tura. Mutanen gari suka taru suna yabo, shi kuwa yabon ya hana shi cewa yana jin zafi.

A nan Kaka takan miƙe ta kwaikwayi tafiyarsa, tana ɗingishi tana murmushin dole tana gaida mutanen da babu su. "Sannunku, sannunku! Lafiya lau nake!" Mu kuma har mu faɗi kan ɓawon gyaɗa.

Ranar tafiya, kafin rana ta take, ƙafafunsa sun kumbura sun cika takalmin. Ya iso rafi, damina ba ta gama janyewa ba, mashigar kuwa falalen dutse ce mai gansakuka. Taku uku ya yi, ƙasan takalmin nan mai santsi ya kwashe shi. Ruwa ya tafi da shi yana juya shi, har Allah ya sa ya cafki saiwar wata bishiya. Wani tsoho da ke wankin fata a bakin rafin ya miƙa masa gora ya jawo shi. Ashe baduku ne. Takalmin ya ƙi fita, sai da ya sa wuƙa ya farke shi, Dogo yana kallo yana hawaye, ba a san na ciwo ba ne ko na asara.

Tsohon ya ajiye shi kwana biyu har kumburi ya saɓe. Sa'an nan ya sa shi ya yini yana yawo, da yamma ya tsayar da shi a kan fata ya zana ƙafafun duka biyu da gawayi.

"Ya ce masa," in ji Kaka, tana rage murya kamar ta tsoho, "'Ɗana, ƙafar safe ba ita ce ƙafar yamma ba, ta hagu kuma ba ita ce ta dama ba. A tsaye ake gwaji, don a tsaye za ka yi tafiya. Yanzu gaya mini, ina kake takawa? Yashi, dutse ko laka?'"

Ya ɗinka masa mai faɗin baki, ya bar wa yatsu wurin motsi, ya yanka tsohuwar taya mai zane ya yi masa ƙasa. Ba kyau, amma Dogo ya haye rafin da shi ko gezau. Ya tarar yarinyar ta sha kuka, ta ɗauka ya fasa.

"Kaka, ta aure shi?"

"Ta aure shi mana. Wa zai ƙi mutumin da ya kusa mutuwa a hanyar zuwa wurinsa?" Sai ta karkaɗe zaninta ta ce, "Na sauke a nan, mai so ya ɗauka."

Na girma, na zama malamar firamare, na yi aure a nan cikin gari. Labarin Dogo ya zama abin da nake ba 'ya'yana don su yi dariya. Ban ɗauke shi ya wuce haka ba.

Babana ya tsufa da ciwon suga. Wata ƙaramar sallah yayana Sani, da ke aiki a Kaduna, ya aiko masa da takalmin fata mai tsada, mai tsinin baki. Ta waya ya tambayi lambar da Baba ke sawa, aka gaya masa, shi ke nan. Baba ya yi murna ƙwarai. Da shi ya taka zuwa idi, da shi ya zaga gaishe-gaishe har la'asar, yana nuna wa abokansa abin da ɗansa ya aiko. Na je gidan da yamma, na durƙusa in taya shi cirewa. Da na zare safar ƙafar dama, sai na ga ta jiƙe da jini. Gefen babban yatsa ya saɓule, dunduniya ta yi bororo ta fashe.

"Baba, ba ka ji ba?"

Ya leƙa ƙafar kamar ta wani ce. "Wallahi Uwata, ban ji komai ba." Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa.

Cikin kwana huɗu yatsan ya fara duhu, yana wari. A asibiti likitar ta gaya mana gaskiya: ciwon ya kashe masa jin ƙafa, kuma idan gyambon bai juyo ba za a cire yatsan, wataƙila ma a wuce nan. Yaya Sani ya baro aiki ya zo, ya kasa haɗa ido da kowa. Baba ne ma yake ba shi haƙuri. Mako uku muna wankin gyambo da allura, kullum da safe idan za a kwance bandeji sai in riƙe ƙarfen gado. Ranar da likitar ta duba ta ɗago kai ta ce, "Kun ga jan naman nan? Sabo ne. Yatsa ya tsira," sai na saki ƙarfen gadon. Na zauna a ƙasa ina ta alhamdulillahi, ina kuka ina dariya.

Da ya warke, likitar ta hana shi yawo da silifa, ta kuma hana shi duk abin da zai matse shi. Na kai shi wurin Baba Ayuba, wani dattijo mutumin Rijau da ke ɗinkin takalma a bayan kasuwa. Da gangan na bari sai bayan la'asar, bayan ya ɗan taka. Baba Ayuba ya shimfiɗa kwali ya ce, "Malam, tashi tsaye, ka sake nauyinka duka." Ya zana ƙafafun biyu da biro, ya auna tudun ƙafar da zare. Ta dama ta fi ta hagu faɗi sosai. Ya zaɓi fata mai laushi, ya ce zai juya ɗinkin waje don kada wani abu ya goge shi a ciki, zai kuma sa igiya saboda ranar da ƙafa ta kumbura a sassauta.

"Ina kake yawan zuwa, Malam?"

"Masallaci, sai kasuwa."

"Masallacin akwai tayil?"

"Har wurin alwala."

"To ƙasan fata ba naka ba ne. Roba zan sa maka mai kauri, mai zane, wadda ƙusa ba za ta huda ba, jiƙaƙƙen tayil kuma ba zai kwashe ka ba."

Na ce, "Kamar dai na Dogo." Babana ya dube ni, ya yi dariya har da tari. "Uwata, ke har yau ba ki san Dogo ba? Ai kakanki ne. Yarinyar da ta sha kuka kuwa ita ce ta ba ku labarin." Kakan nawa ya rasu kafin a haife ni, ban taɓa kawo haka a raina ba.

Na daɗe ina juya abin. Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kada mutum ya zaɓi ƙyalli. Yanzu na ga Dogo ma yana da sa'a, domin ƙafarsa ta yi ta gaya masa gaskiya, shi ne ya ƙi ji. Ta Baba ta daina magana gaba ɗaya, sai dai wani ya ji a madadinsa. Yaya Sani kuma ba rashin ƙauna ya yi ba. Ya san lambar takalmin mahaifinsa, bai san yadda ƙafar ta koma ba, ni da nake gari ɗaya da shi ma ban sani ba. Tun daga lokacin, kafin Baba ya sa takalmi sai wani ya zura hannu ciki ya lalubo ko da tsakuwa, da yamma kuma mahaifiyata ta duba tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yana mita tana yi.

Wata biyu bayan haka muka koma asibiti. Likitar ta duba ƙafar sama da ƙasa, ba ta sami ko ja ba. Da muka fito bakin titi na ɗaga hannu zan tsayar da mai keke Napep, Baba ya sauke mini hannun.

"Bar shi ya wuce, Uwata. Gida ba nisa. Mu taka."