Ƙafafun Iya Ashake

Iya Ashake ta tsufa tana tuƙa amala a bakin titin Beere. Da abin da tukunyar ta kawo ta gina gida mai ɗaki shida, ta kuma kai ɗanta Gbenga makaranta. Ni ɗan haya ne a gidan tun ƙarfinta bai ƙare ba.

Ciwon suga ne ya fara cinye mata ido, sannan ƙafafunta suka mutu, ko ƙaya ta taka ba ta ji. Gbenga ya ce ɗakinta ya yi wa makauniya girma. Ya zuba 'yan haya a ciki, ya mayar da ita ɗakin ajiyar garin doya da ke jikin masai.

Kyankyasan gidan duka can suke kwana. In an kai mata abinci, kafin ta lalubo kwanon sun riga ta. Warinsu ya kama zannuwanta. Ta fara tari mai fito, ga zawo ba ya yankewa.

"Gbenga, wani abu na yawo a jikina," in ji ta.

"Iya, ke da ba ki gani, me ya dame ki da su? Hira suka zo taya ki."

Wata safiya matata Ronke ta shiga da koko, ta fito tana ihu. Kyankyasan sun gwaigwaye fatar yatsun ƙafar tsohuwar har sun kai ga nama, ita ko tana zaune tana tambayar lafiya. Na samu Gbenga yana wanke motarsa, na gaya masa.

"Baba Tunde, uwarka ce? In ɗakinka ya ishe ka, faɗa mini."

Na juya na koma ɗakina. Ronke ta riƙa wanke gyambon da ruwan gishiri, amma ya yi baƙi, ya fara ɗoyi. Sai da ɗoyin ya kai ɗakin sababbin 'yan haya suka yi ƙorafi, sannan aka kai ta asibiti. Aka yanke ƙafar hagu daga gwiwa.

Tana kwance a can Gbenga ya kira mai feshi, aka share kyankyasai cike da bokiti. Ya yi wa ɗakin fenti, ya ba wani tela. Kyankyasan da suka tsira suka watsu cikin ɗakunanmu, matan gidan suka riƙa cewa tsohuwa ta bar musu gado.

Da aka sallamo ta, tabarma Gbenga ya shimfiɗa mata a ƙarƙashin matakala. Ta zauna tana shafa dungulmin, ta ce a duba mata ko akwai wani abu a kan ɗayar ƙafar. Yara suka gane, suka riƙa ce mata "Iya, ga shi nan!" don su ga tana dukan iska.

Kafin damina ta fita ta rasu. Gbenga ya yanka shanu biyu, ya ɗauko makaɗa daga Legas, aka yi ankon leshi ruwan zinariya.