Tambari da Harbin Cikin Aljihu

Ɗaki bakwai mijina ya bar mini a bayan tashar jirgi ta Ƙaura. A shekarun nan, biyar daga ciki mutanen ƙauye ne ke haya, waɗanda suka baro gonakinsu saboda 'yan bindiga. Ba na tambayar kowa abin da ya gani. Abu biyu nake nema ga ɗan haya: ya share ƙofar ɗakinsa, kada kuma ya tada hankalin gida. Tambari ya kiyaye duka biyun shekara uku, sannan ya karya na biyun a yini guda, har ya haɗa da rabin unguwa.

Mutumin Galadi ne, ta ƙasar Shinkafi. Ubansa manomin gero ne mai 'yan shanu. Ya yi boko zuwa aji uku na sakandare, ya bari, ya koma gona, daga baya ya sayi babur ya shiga kabu-kabu, yana kai mutane kasuwar Shinkafi yana maido su. Yanzu shekarunsa talatin da huɗu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Shekarar da aka kore musu shanu ya ɗora matarsa Fauziyya da tabarma biyu a kan babur ɗin, ya zo ƙofata. Bai ce komi game da ubansa ba. Daga baya Fauziyya ta gaya mini an binne shi kwana biyu kafin su taso.

Abu ɗaya na lura da shi. Kullum in ya dawo aiki bayan la'asar, sai ya jingine babur a zaure, ya zauna bisa benci, ya toshe kunnuwa da iyafis, ya kwantar da waya a hannu biyu, manyan yatsunsa suna ta rawa a kanta. Wani lokaci yana magana shi kaɗai: "Sule, bayanka! Gado, kwanta, kwanta!" Na ɗauka ƙwallo yake bugawa kamar sauran samari. Ranar da na leƙa ta kafaɗarsa na ga bakin bindiga a fuskar wayar yana yawo cikin wani kango. Na yi mamaki, amma tun da ba ya damun kowa, na wuce.

Wata Talata ce abin ya faru. Agatha, 'yar kudancin Kaduna da ke aiki a kemis, tana haya a ɗakin ƙarshe. Tana da sifika irin wadda ke kama waya ba tare da igiya ba. Ranar sunan ɗiyar Tambari ta ara masa ita ya sa waƙa, tun daga nan sifikar ta riƙe wayarsa. Ranar Talatar nan Agatha ta fito da ita tsakar gida za ta yi wanki, ta kunna, ta ƙure murya. Sifikar ba ta nemi wayar mai ita ba, ta cafko ta Tambari da ke zaure.

Ina ɗaki na ji harbi, a jere, kusa ƙwarai.

Mu 'yan gari mun tsaya muna tambayar daga ina. Mutanen ƙauye ba su tambaya. A wurinsu doka ce: in ka ji, kada ka yi ihu, kada ka leƙa, ka ɗauki abin da ke kusa da kai ka bi inda ba hanya ba. Kafin in sa takalmi tsakar gida ta watse. Mata biyu sun haura katangar baya. Ummusalma, matar Nuruddeen tela, tana suyar awara, ta tashi da gudu ta ture kasko, mai ya zubo mata a ƙafa. Maƙwabta da suka ga mata suna dirowa su ma suka zuba. Masu alwala a masallacin layinmu suka bar butoci.

Shi kuma Tambari, ƙarar ta ɗauke a kunnensa, sai ya ji ta daga cikin gida. Bai kawo komi a ransa ba sai cewa an shigo. Matarsa da jaririya sun tafi barka, duk da haka ya fizge iyafis, ya cusa waya a aljihu, ya faɗa tsakar gida. Mutum ɗaya ya tarar, Inna Azumi, tsohuwa 'yar Badarawa da ƙafafunta suka riƙe, tana jan jiki za ta shige bayan randa. Surukinta ma ya riga ya haura katanga. Tambari ya sungume ta, ya ɗora a babur, ya ce ta riƙe shi, ya ba shi wuta.

Da suka yi nisa da gida sifika ta saki wayar. Harbin ya ɗauke a gidana, ya koma aljihunsa.

"Suna biye da mu!" in ji Inna Azumi. "Ƙara wuta, ɗan nan, ga su nan jikinmu!"

Sai da suka tsallake layin dogo ya ji muryar abokinsa Sule tana fitowa daga wandonsa: "Kai Tambari, mi kake yi tsaye? An kashe ka tun ɗazu!"

Sun dawo suka tarar da 'yan sa-kai a ƙofata, da mai unguwa, da Agatha riƙe da sifika tana rantsuwa ita waƙar coci ta yi niyya. Wasu sun yi dariya. Ni ban yi ba, don na ga ƙafar Ummusalma. Washegari 'yan haya huɗu suka zo ɗakina, Nuruddeen a gaba, suka ce ko Tambari ya tashi ko su su tashi. Ɗaki yana wuya a Ƙaura yanzu, mai iyali in ya rasa nawa, makarantar firamare zai je ya shimfiɗa tabarma a aji. Na ce su ba ni zuwa Juma'a.

Korar ɗan haya ba ta taɓa ba ni wahala ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ban gane ba. Na yi shekara talatin ina buga takardu a ofis, ba na sa hannu a abin da ban karanta ba. Na kira shi zaure.

"Kai da anka kashe ubanka da bindiga," na ce, "mi ya kai ka wasa da ita?"

Ya ciro wayar daga aljihu. "Hajiya, sai dai in nuna maki."

Ya zauna ƙasa, ya rage murya, ya miƙo wayar kusa da fuskata. A kusurwa akwai wata 'yar taswira mai ɗige-ɗige.

"Kin ga wanga jan? Daga nan harbi ya taso. In an yi harbi, wasan na gaya maka inda shi ke. Ranar da sunka shigo mana, Hajiya, ban san gabas ba ban san yamma ba. Na gudu, kuma har yau ban sani ba ko wurinsu na nufa ko nesa da su."

"Don haka kake son shi? Don taswira?"

"Da ita. Kuma nan kowa da tashi bindigar. Ba wanda ya zo da ita ya iske ka da hauya."

"To in an kashe ka fa?"

"Sai in jira minti biyu mu sake."

Na tambaye shi su waye Sule da Gado da yake ta kira. Ya ce tare suka tashi, tare suka yi kabu-kabu. Sule yana Shinkafi, Gado yana Zurmi, na huɗunsu ya tsallaka Maraɗi. Hanya ba ta biyuwa don zumunci kawai, shekara biyu ke nan bai sa su a ido ba. In ya kira su a waya, gaisuwa ce da jajen wanda aka ɗauka da wanda aka sako, minti uku magana ta ƙare. A cikin wasan kuwa sai su yi awa guda suna zagin juna.

"Gado bai iya komi ba," ya ce, karo na farko da ya yi murmushi. "Kullum shi ake fara kashewa. Kullum ni ka jawo shi bayan bango in ɗaga shi."

Na je wurin Nuruddeen a shagonsa. Shi ma na san yana wasa a waya, ƙwallo da tseren mota, in ɗinki ya yi sauƙi. Mutumin Jangeru ne, abin da ya koro Tambari shi ya koro shi.

"Na taɓa gwada shi sau ɗaya, Hajiya," ya ce, bai ɗaga ƙafa daga keke ba. "Na harbi wani ya faɗi, wayar ta rubuto mini yabo. Na goge shi a take. Mutum ba haka yake faɗuwa ba. Kuma wanda na harba, ai wani ne zaune wani wuri yana jin daɗi. Ni ƙwallo in an ci ni, ci aka yi, ba wanda ya kwanta."

"Shi ya ce yana samun sauƙi."

"Shi ya sani. Ni ba na iya kallonsa. Ban ce mugu ba ne. Na ce matata ba ta iya taka ƙasa."

Dukansu gaskiya suke faɗi, wannan ne ya dame ni. Abu ɗaya suka gani, ɗaya yana komawa kullum bayan la'asar, ɗaya ko ƙararsa ba ya so.

Ranar Juma'a da hantsi na tara su a tsakar gida. Ummusalma tana kan kujera, ƙafa a naɗe. Tambari ya durƙusa gabanta ya ba ta haƙuri, ta juya kai. Ban kai ga buɗe baki ba Inna Azumi ta ce a kawo mata abin ta ji. Aka ce mata a'a, ta ce ita aka yi wa sukuwa a babur, tana da haƙƙi. Tambari ya sa mata iyafis a kunne ɗaya. Ta saurara, ta rufe ido, mu duka muna kallonta.

Ta cire ta miƙa masa. "Wanga ƙarya ce."

"Ƙarya kuma, Inna?"

"Ina baburan? Ai babura ka fara zuwa. Sannan karnuka. Sannan kaji su yi tsit. Wanda ya yi wanga abu bai taɓa kwana ƙauye ba." Ta dubi sauran. "Mu ma da mun tsaya mun saurara da mun gane. Harbi ba babur?"

"Wa ka tsayawa saurare, Inna?" in ji Nuruddeen.

"Ba kowa. Kai ma ba ka tsaya ba, na ga ƙeyarka." Ta nuna surukinta da haɓa. "Wancan ko, ashe ya iya tsalle. Shekara uku yana ce mini bayanshi na ciwo." Aka kwashe da dariya, har Agatha ta zauna bisa bokiti. Inna Azumi ba ta yi dariya ba. "Gidan ga mutum nawa ne? Duk kun ɗauka gaske ne, shi ma ya ɗauka gaske ne. Wa ya shigo ciki? To in kun kore shi, ku faɗa mini yanzu wanda zai ɗauke ni ranar da ba wasa ba."

Na tambayi Tambari me ya sa ya nufo ciki maimakon titi, ga shi a zaure, ga babur. Ya ce bai yi tunani ba, hannunsa ya saba, in naka ya faɗi ba a barinsa. Ban sani ba ko wasan ya koya masa ko dama haka yake. Nuruddeen ya ce dama haka yake. Tambari ya ce wasan ne.

Na yanke cewa zai zauna. Agatha ta goge wayarsa daga sifikarta a gaban kowa. Wasa sai a zaure, sai da iyafis, kuma shi zai riƙa kai Ummusalma wankin ƙafa a babur har ta warke. Ya kai ta sau goma sha ɗaya. Ba ta yi masa magana ko sau ɗaya ba, kuma da ƙafar ta warke ita da mijinta suka koma wata unguwa. Ban ga laifinsu ba. Tabon yana nan.

Tambari yana ɗakinsa har yanzu. Fauziyya ba ta son wasan, ta ce in yana yi fuskarsa ba ta mijinta ba ce, amma ta ce ran da babu sabis ya fi wuyar zama. Ni ma na karɓi wayar sau ɗaya don in ji abin da suke ji. Na kasa tafiya, na yi ta kallon sama, wani ya harbe ni ta baya. Na ji Gado daga Zurmi yana cewa yau Tambari ya fi shi lalacewa.

Inna Azumi ta sa an maido tabarmarta kusa da ƙofar zaure. In ya dawo bayan la'asar ya zauna bisa benci, takan ɗaga murya ta ce, "Ɗan nan, babur ɗin da mai?" Sai ya ce da mai, sannan ya toshe kunne.